Kafin injin haƙa ya shigo gari

'Yan asalin wani gari da ke yammacin jihar Kano, mazauna Kano da Kaduna da Abuja, sun yi karo-karo a zaurensu na WhatsApp har suka tara kuɗin rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. Ni suka ɗauka in sa ido a kan aikin, tun daga zaɓen wuri har ranar miƙa makulli. Ba ni zan haƙa ba, ba ni zan sayo kaya ba. Nawa shi ne in ce wannan ya yi, wannan bai yi ba, kuma sai na sa hannu ma'aji zai sakar wa ɗan kwangila kuɗi.

Takardar da suka ba ni shafi ɗaya ce: rijiya, tanki biyu masu cin lita 10,000 kowanne, fanel na sola, famfo shida, allo mai ɗauke da sunan ƙungiya, a gama kafin ƙaramar Sallah domin lokacin ne 'yan birni ke komawa gida. A ƙasa an rubuta cewa aikin ya kasance mai inganci. Na tambayi shugaban ƙungiyar, wani Alhaji ɗan kasuwa mai saurin magana, da me zai gane ingancin idan ya zo ranar buɗewa. Ya ce, "Haba Injiniya, ai a fili yake. A murɗa famfo ruwa ya zubo, kuma kada a sa mana kayan jabu." Iyakar abin da idonsa ke gani ke nan, kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai shi ba zai taɓa bin layi a bakin wannan famfon ba, waɗanda za su bi layin kuwa babu ko ɗayansu a zauren da aka tsara takardar.

Masana harkar ingancin aiki sun daɗe da rabuwa gida biyu a kan wannan. Philip Crosby ya tafi a kan cewa inganci shi ne aiki ya yi daidai da abin da aka rubuta. Joseph Juran kuma ya ce a'a, sai abin ya biya buƙatar mai amfani da shi. Ɗan kwangila kullum yana ɓangaren na farko, domin da takarda ake biyansa. Matar da ke jiran ruwan girki tana ɓangaren na biyu ko da ba ta taɓa jin sunan kowannensu ba. Ni a wurina aikin mai sa ido shi ne ya sa takardar ta faɗi abin da matar nan ke buƙata, tun kafin a sa mata hannu, saboda da zarar an sa hannu duk wani ƙari sai da ƙarin kuɗi da ɓacin rai.

Don haka na roƙi Alhaji a dakatar da ɗan kwangila tukuna, na tafi garin.

Fadar dagaci na fara sauka, kamar yadda ya kamata. Ya tara masu unguwanni da liman da dattawa a gindin darbejiya, aka yi addu'a, na yi bayani, sannan na tambayi abin da suke so. Kowa ya tashi sai ya ce Allah ya saka wa 'ya'yanmu da alheri, duk abin da aka kawo muna murna. Abu ɗaya tak na samu a zaman: dagaci ya nuna filin ƙofar gidansa, ya ce nan ya fi dacewa, tsakiyar gari ne. Na ce, "Ranka ya daɗe, mun ji, za mu sa masu safiyon ruwa su duba wurin." Ban yi mamakin shirun ba. Abin kyauta ne, kuma a ƙasar Hausa ba a kushe kyauta a bainar jama'a, balle a gaban sarauta. Wanda ya fito daga irin wannan taro ya rubuta a rahotonsa cewa jama'a sun amince, to, kara ya gani ya ɗauka amincewa ce.

Gani ya kori ji. Washegari bayan sallar asuba na zauna a bakin tsohuwar tuƙa-tuƙa ta kusa da kasuwa. Tana aiki lafiya lau, ruwanta garai, amma 'yan ga-ruwa ne kawai a kanta da masu kwaɓa ƙasar gini. 'Yan mata da yara kuwa sai su wuce ta da bokitansu su nufi wata rijiya ta guga can bayan gari, wadda bakinta a buɗe yake, awaki na kai-kawo a gefenta. Na tambayi wani mai shayi dalili. Bai ce komai ba, ya ɗebo ruwan tuƙa-tuƙar a kofi, ya tsiyaya ganyen shayi a ciki. Nan take ya yi baƙi wuluk. Sinadarin ƙarfe ne ya yi yawa a ruwan, kuma sau da yawa tsatsar bututun ƙarfen famfon ce ke jawo hakan. Irin wannan ruwa yana rina farin kaya ya koma ja-ja, yana sauya launin koko. Ba ya kwantar da mutum ciwo, amma ya kori mutane zuwa ga ruwan da zai iya kwantar da su. A takardar waɗanda suka yi wannan tuƙa-tuƙa na tabbata an rubuta cewa aiki ya kammalu.

Wani malamin jami'a ɗan ƙasar Japan, Noriaki Kano, ya fitar da wani tsari a 1984 da ya kasa buƙatun mai amfani da kaya kashi-kashi. Kashin da ya fi ba mu wahala a wannan sana'a shi ne na abubuwan da mutum ba ya faɗa saboda a ganinsa ba su buƙatar faɗa. Babu wanda zai ce maka yana son ruwan da ba ya ɓata shayi. Idan ka kawo masa shi ba zai yaba maka ba, idan ka kasa kuma ya juya maka baya ba tare da ya gaya maka dalili ba. Kusan duk abin da ya zama ma'aunin aikin nan namu daga wannan kashin ya fito.

Mata su ne suka fi kowa sanin ruwan garin, su ne kuma na fi wahalar kaiwa gare su, domin yawancin matan aure a kulle suke. Wata ma'aikaciyar lafiya ta ƙaramin asibitin garin ce ta haɗa mini zama a makarantar Islamiyya ta matan aure, da izinin malaminsu. Ita ta riƙa yin tambayoyin, ni ina daga bakin ƙofa da littafina. Da farko su ma godiya suka yi ta yi, har sai da wata tsohuwa, ungozomar unguwar, ta gyara zama ta ce, "Kai ɗan nan, an ce ƙofar fada za a kai famfon?" Na ce, "Inna, ba a yanke ba tukuna." Ta ce, "To ka gaya mini, yarinya ta ɗora daro cike da ruwa a ka, ga dattawa jere a kan tabarma, ta durƙusa ta gaishe su ne ko ta wuce? In ta durƙusa ruwa ya zube, in ta wuce a ce ba ta da tarbiyya. Mu ba za mu aika 'ya'yanmu mata can ba." Daga nan baki ya buɗe. Wata ta ce famfunan da ta gani a garin mijin 'yarta an ɗaga su sama, yaro ɗan shekara bakwai sai ya taka dutse kafin ya kai hannu, kuma yara su ne masu ɗiban ruwa a nan. Wata ta ce a yi dakali mai ɗan tsayi a gefe, inda za a ɗora bokiti kafin a kai shi ka, don yarinya ta iya ɗora wa kanta ba sai ta jira mai taya ta ba. Wata ta yi maganar kumfar sabulu, da waken da ba ya nuna da wuri a ruwa mai nauyi. Maganar da ta fi maimaituwa kuwa ita ce ta lokaci. Da sassafe ake neman ruwa, kafin yara su tafi makaranta, sai kuma bayan la'asar. Famfon sola kuma da hantsi yake fara ƙarfi, ya yi ta zuba har azahar ta wuce, wato daidai lokacin da ba kowa a bakin famfo. Ke nan idan tanki bai kwana da ruwa ba, rijiyar ba ta yi wa matan nan komai ba, komai yawan ruwan da ke ƙasa.

'Yan ga-ruwa ba wanda ya ambace su, ni na neme su. Sun ɗauka zuwan rijiyar kashe musu sana'a ne, kuma na ga garuruwan da irin wannan zargi ya ƙare da karyayyun famfuna cikin dare. A ɗaya gefen, kura ɗaya mai jarkoki goma ko fiye idan ta kama famfo, layin yara ya tsaya cak. Muka yi magana a kan a ware musu famfo nasu mai tiyo a bayan katanga, su riƙa biyan wani abu a kan kowace kura, kuɗin ya shiga asusun gyara. Babbansu ya ce idan an bar su su yi ɗiba da rana tsaka, lokacin da tanki ke cika, sun yarda.

Arɗon Fulanin da ke zaune a yammacin garin shi da kansa ya zo ya same ni, ya ce ya ji ana rabon ruwa. Abin da yake so komi ne na shayar da shanu. Na ce masa, "Arɗo, ba zan yi maka alkawari ba sai mun auna ƙarfin rijiyar." A bazara saniya ɗaya tana iya shanye fiye da jarka guda a yini, garke biyu ko uku kuwa sai su tashi da rabon unguwa guda. Ya ce ya ji, amma kada a manta da su. Na fi son mutum ya tafi da rashin daɗi yau a kan ya zo da shanunsa ranar buɗewa yana cewa an yi masa alkawari.

Sai batun wuri. Wannan yanki a kan tsohon dutsen ƙarƙashin ƙasa yake, ba kamar gabashin Jigawa da Yobe ba inda yashin kwarin Chadi ke riƙe da ruwa a shimfiɗe. A nan ruwa yana cikin ruɓaɓɓen dutse ne da tsagoginsa, sai ka samu a wannan kusurwa ka rasa a waccan, taku kaɗan tsakani. Masu safiyo suka kafa ƙarafunansu, suka tura lantarki cikin ƙasa, suka fitar da wurare biyu masu alama. Ɗaya kuwa filin ƙofar dagaci ne. Da na auna da tef, masan masallacin Juma'a bai kai mita 30 daga wurin ba, kuma mita 30 ita ce mafi ƙarancin tazarar da aka saba bari tsakanin masai da rijiyar sha. Ɗaya wurin yana gefen makarantar firamare, a cikin gonar wani dattijo.

Ban kai wa dagaci maganar 'yan mata da gaisuwa ba, domin amana ce aka ba ni. Da tef na je masa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙofarka akwai ruwa, amma masai ya yi kusa, in muka haƙa a nan jama'arka za su sha abin da ba ka so musu." Sannan na kawo abin da muka riga muka tattauna da Alhaji: a haƙa rijiya a gefen makaranta, a ja bututu ɗaya zuwa jikin masallaci don alwala da buƙatun fada. Liman ya ce wannan ya yi. Dagaci ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Kuɗin ƙarin bututun daga kuɗin tayil da fentin katanga aka cire shi, kuma wasu 'yan ƙungiyar ba su ji daɗi ba, saboda tayil shi ke fitowa a hoto. Dattijo mai gona ya ba da filin sadaka, amma na dage sai an rubuta, shi da manyan 'ya'yansa maza sun sa hannu a gaban dagaci da liman. Filin da aka bayar da baki, ranar rabon gado ake tuna girmansa.

Duk waɗannan maganganu da na tara ba za su kama ɗan kwangila ba sai an mayar da su abin da ake iya aunawa, kuma na so ya zama awon da ɗan gari zai yi da kansa ba sai ya jira ni ba. Ƙa'idojin Sphere na ayyukan agaji sun sa lita 7.5 a minti ɗaya ga kowane famfo. Babu wanda ke yawo da wannan lissafi a kansa, amma kowa ya san jarka mai cin lita 25, kuma a wannan gudun za ta cika cikin minti uku da daƙiƙa ashirin. Sai muka rubuta: idan an buɗe duk famfunan lokaci guda, kowace jarka ta cika kafin minti huɗu. Muka rubuta cewa a wayi gari da ruwa a tanki. Tsayin famfo muka auna shi da wani yaro ɗan aji biyu da jarkarsa. Muka rubuta cewa kada ruwa ya kwanta a dakali ko a bakin kwata, saboda maƙwabcin filin ya riga ya gaya mini ba zai yarda a tara masa caɓi da sauro a bayan ɗaki ba. Na ɗakin gwaje-gwaje kuwa mun bi ma'aunin ruwan sha na Najeriya, NIS 554, wanda aka fitar a 2007 aka sabunta a 2015: kada a samu ƙwayar E. coli, wadda ke nuna kashi ya shiga ruwa, ko ɗaya a cikin mililita 100, naitiret kada ya wuce miligiram 50 a lita, fuloraid 1.5, sinadarin ƙarfe 0.3. A ƙarƙashinsa na ƙara layin da ya ba ɗan kwangila dariya: za a dafa shayi da ruwan, a kuma wanke farin ƙyalle da shi, a gaban matan kwamiti.

Da Hausa aka rubuta takardar, aka karanta ta bayan sallar Juma'a, liman ya kwafe wa kansa da ajami. An kafa kwamitin ruwa da tsafta irin wanda hukumomin ruwan karkara na jihohi ke nema a kowace rijiya, aka sa mata a ciki, ungozomar nan ita ce ma'ajiya. Aka kuma rubuta wanda zai sa hannu a kan me. Abin da ke ƙarƙashin ƙasa nawa ne, abin da ke bakin famfo na kwamiti ne, allo da ranar buɗewa na Alhaji.

Da ɗan kwangila mun fi daɗewa a kan maganar kuɗi. Shi yana so a biya shi a kan kowace mita da ya haƙa, wanda ke nufin ko rijiya ta fito busassa ya ci ribarsa. Muka tsaya a kan biya kashi-kashi, da rabon asara idan ba a samu ruwa ba a wurin da masu safiyo suka nuna, da kuma riƙe kashi 10 cikin 100 na kuɗinsa har wata shida bayan miƙa aiki. Wata shidan nan da gangan na so su, domin za su ratsa ƙarshen bazara, lokacin da ruwan ƙasa ke yin nisa, su kuma ratsa marka, lokacin da hadari ke rufe rana.

Da injin ya shigo, gari ya fito kallo. Abin da jama'a ke jira shi ne lokacin da kwamfuresa za ta feso ruwa sama a yi kabbara. Abubuwan da ke sa rijiya ta daɗe kuwa ba wanda ke kallonsu, domin da zarar sun shiga rami ba a sake ganinsu har abada. A nan ba ni da wanda zan tambaya abin da yake so, ni ne wakilin kowa. Na ƙirga bututun kesin, masu tare bangon ramin kada ya rufta, ɗaya bayan ɗaya kafin a zura su. A cikin tarin akwai waɗansu da na danna da gwiwa na ji sun lotsa, ba tambarin kauri a jikinsu, irin na magudanar ban-ɗaki ne. Na ware su gefe. Yaron ɗan kwangila ya ce, "Oga, ai duk ɗaya ne in sun shiga ƙasa." Na ce ya kira maigidansa. Tsakuwar da ake zubawa a gewayen bututu don tace yashi, ita ma an kawo ta haɗe da jar ƙasa, sai da aka tankaɗe aka wanke. Sannan simintin da ake toshe mitocin sama da shi, don kada ƙazantar bisa ƙasa ta bi jikin bututu ta gangara cikin ruwa, na tsaya aka dama aka zuba a gabana. Duk wannan na ɗauki hotonsa na tura wa 'yan ƙungiya, har da bututun da na ƙi karɓa. Na lura tun daga ranar suka rage tambayata yaushe za a gama.

Gwajin ƙarfin rijiya shi ne ya sauya lissafin kowa. Mai haƙa ya riga ya shelanta cewa ruwan nan ya ishi gari biyu, kuma yana so a kunna sumo, wato famfon da ake zurawa cikin ramin, na awa biyu a tashi. Takarda ta ce awa 24 ba tsayawa. Muka kawo janareta da duro mai cin lita 200 da agogo, muna zura ma'auni a rami muna rubuta yadda ruwa ke sauka. A gudun da mai haƙa ya so, ruwan ya yi ta yin ƙasa bai tsaya ba. Da muka rage zuwa wajen lita 3,000 a awa, sai ya daidaita. Rana mai ƙarfin tura famfo ba ta cika wuce awa shida ba, wato lita 18,000 a yini. Manufar ruwa ta ƙasa ta shekarar 2000 ta sa wa mutumin karkara lita 30 a rana, ke nan mutum 600. Ko an bi mafi ƙarancin ma'aunin agaji na lita 15, mutum 1,200 ne, garin kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba.

Na koma fada da wannan lissafi tun kafin a ɗora tanki. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan rijiyar ta sha da girki ce. Wanki da gini da ban-ruwan dabbobi sai a ci gaba da tsofaffin rijiyoyi." Aka tsayar da lokutan buɗe famfo, safe da yamma, a kulle da daddare don tanki ya kwana da ruwa. Arɗo na gaya masa gaskiya: za a yi komi can nesa da dakali, amma rarar da ke malalowa idan tanki ya cika ita kaɗai za ta je can, wata rana a samu, wata rana babu. Ya ce ba haka ya so ba. Wani ɗan ƙungiya daga Abuja da ya ji labari ya ce zai sayo sumo mafi girma da kuɗinsa. Na yi masa godiya, na tura masa jadawalin gwajin, na bayyana masa cewa babban famfo ba ya ƙara ruwa a ƙasa, sai dai ya zuƙe ramin ya shaƙi iska ya ƙone. Ya mayar da kuɗin zuwa ga ƙarin fanel da waya mai ƙaya ta kewaye su.

Rigima ta ƙarshe a kan Sallah ce. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, tanki biyun nan idan sun cika tan 20 ne a saman ƙarfe, kuma a gefen makarantar yara. An makara wajen zuba kankaren ƙafafun hasumiyar saboda jiran rodi, kankare kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa. Ranar Sallah ta faɗo kafin kwanakin su cika. Alhaji ya kira ni da dare, ya ce ya gayyaci mutane, ya sayi shadda, ba zai tsaya a gaban busasshen famfo ba. Na ce, "Alhaji, ka tuna mun raba sa hannu. Ranar buɗewa taka ce, nauyin da za a ɗora wa ƙarfen nan nawa ne." Muka daidaita a kan a haɗa bututu kai-tsaye daga rijiya zuwa famfunan, a yi bikin da hantsi lokacin da rana ta yi ƙarfi, tankuna su zauna babu ruwa har lokacinsu ya yi. Aka murɗa, ruwa ya zubo, aka yi hoto. Amma na ƙi sa hannun karɓar aiki a ranar.

Karɓar aiki ta gaskiya bayan Sallah aka yi ta, ba ɗan birni ko ɗaya. Sakamakon ɗakin gwaji ya riga ya dawo ba matsala, an kuma wanke rijiyar da bututunta da kulorin. Hedimasta ya riƙe agogon wayarsa, yara shida suka tara jarkoki, aka buɗe famfunan gaba ɗaya. Biyar suka cika a kan lokaci. Na ƙarshen layi ya kusa minti shida. Da aka tona, sai aka ga an haɗa wannan reshen da siririn bututu, ragowar wani aiki. Ɗan kwangila ya fara cewa ai ruwa na zuwa, hedimasta ya ɗauko takarda ya karanta masa layin jarka, ya sauya bututun a ranar. Ungozoma ta hura gawayi a gefen dakali ta dafa shayi, ta ɗaga kofin ta duba launinsa, ta kurɓa, ta miƙa wa ta kusa da ita. Ta saɓa farin ɗankwali ta matse ta shanya a kan waya. Sai da ya bushe ta dangwala yatsa a takardar.

Cikin wata shidan riƙo abubuwa sun fito. A watan Mayu ruwan ramin ya yi ƙasa amma bai kai bakin sumo ba. Komin Fulani kuwa a wannan lokacin, da suka fi buƙatarsa, yawanci a bushe yake, kuma Arɗo ya zo fada ya faɗi haka a gaban kowa. A watan Agusta hadari ya riƙa kwana biyu uku a jere, tanki bai cika ba, sai kwamiti ya dakatar da 'yan ga-ruwa a irin waɗannan ranaku, su kuma suka ce to a rage musu kuɗin kura, maganar da har na bar aikin ba a gama ta ba. Kwata ta tsage a kusa da ramin tsotse ruwa, maƙwabcin nan ya kai ƙara wurin mai unguwa, ɗan kwangila ya dawo ya fasa ya sake zubawa da kuɗinsa. Bayan nan na sa hannu aka sakar masa ragowar kashi 10.

A rahoton da na miƙa wa ƙungiya na haɗa da wani wuri na daban da masu safiyo suka ce a gwada a yammacin gari, kusa da rugar, da kiyasin kuɗinsa. Sun buɗe sabon karo-karo, kuma a wannan karon Alhaji ya ce a fara da zaman Islamiyya da na Arɗo kafin a rubuta ko layi ɗaya.